Datar da Ke Ƙarewa Kafin Wata: Abin da Netstat Ya Nuna a Wani Shagon Kwamfuta a Tudun Wada

Shagon da wannan nazari ya shafa yana Tudun Wada, a kan hanyar da ɗalibai ke bi zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda kowa ke kira Poly. Irin shagunan nan ne da ake buga rubutu, a yi hoton takardu, a ɗinke kundin kammala karatu, a kuma buɗe wa mutum shafin intanet ya duba sakamakon jarrabawa ko ya cike takardar neman aiki. Kwamfutoci shida ne a ciki, dukansu na hannu ne kuma suna ɗauke da Windows 10, sai firinta da sikana, da rauta guda mai ɗaukar sim da aka ɗora a saman kanta kusa da taga domin a nan ne ta fi kama sabis. Mai shagon dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma zan kira shi Alhaji kamar yadda ake kiransa a layin. Yana da ma'aikata biyu: wata baiwar Allah da ke buga rubutu, da wani yaro, ɗan ƙanwarsa, da ke kula da masu shigowa da tayar da janareta idan an ɗauke wuta.

Damuwar da ta sa aka kira ni ita ce data. Alhaji ya saba sayen kunshin giga 100, kuma yakan kai shi ƙarshen wata, wani lokacin har da ɗan saura. Kwatsam sai kunshin ya fara ƙarewa cikin kwana 10 ko 11, ga shi kuma ciniki bai ƙaru ba, balle a ce yawan aiki ne ya jawo. Abin ya zo daidai da lokacin da tsadar data ta ishi kowa, domin a watan Janairun 2025 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Wanda ke sayen kunshi ɗaya ya koma sayen uku a kan sabon farashi, dole ya nemi wanda zai ɗora wa laifi.

Alhaji yana da zargi biyu. Na farko shi ne kamfanin wayar ke zuƙe masa data, wanda kusan kowa ke faɗa idan kunshinsa ya ƙare da wuri. Na biyu, wanda ya fi zaunar masa a rai, shi ne yaron ne ke kallon ƙwallo da finafinai a waya, ko kuma ya raba wa abokansa na maƙwabtan shaguna kalmar sirrin rautar. Ranar da na je, kafin in ajiye jakata ya ce mini, "Injiniya, ni dai na san ɓarawona, kawai ina so ka kama min shi da hujja, kada uwarsa ta ce na yi masa sharri." Yaron yana tsaye a bakin ƙofa yana jin komai, bai ce uffan ba.

Abin da aka fara dubawa

Na fara da rautar, domin ita ce ƙofar da duk datar shagon ke bi. Shafinta yana nuna na'urorin da ke haɗe da ita a lokacin, kuma guda takwas na gani: kwamfutocin nan shida, wayar Alhaji, da wayar yaron. Babu baƙuwar na'ura ko ɗaya, saboda haka maganar rabon kalmar sirri ba ta samu gindin zama ba, aƙalla a wannan ranar. Sai dai ganin wayar yaron a jerin ya ƙara wa Alhaji ƙarfin gwiwa. Na roƙi a cire wayoyin biyu daga rautar, aka cire, muka zuba wa ma'aunin da ke shafin ido. Bai tsaya ba. Babu mai amfani da intanet a shagon a wannan lokacin, ita ma mai buga rubutu takarda kawai take kwafa, amma lambar datar da ke fita tana ta hawa. Rautar irin mai araha ce, jimilla kawai take bayarwa, ba ta rarrabe abin da kowace na'ura ta ci. Ke nan amsar tana cikin ɗaya daga kwamfutocin, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ana iya cewa da na kashe su ɗaya bayan ɗaya ina kallon ma'aunin, da na gano mai laifin cikin minti goma, kuma gaskiya ne. Amma wannan zai nuna mini kwamfutar ce kawai, ba zai nuna mini manhajar da ke cikinta ba, ko inda take aika datar. Shi ya sa na ɗauko netstat.

Netstat umarni ne da ake rubutawa a baƙin allon nan na Windows da ake buɗewa da rubuta cmd, kuma ba sai an sauke shi daga ko'ina ba, yana cikin kowace kwamfuta. Tsohon kayan aiki ne, domin ya fara fitowa a 1983 cikin tsarin Unix na 4.2BSD da aka haɗa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, wato ya girmi kowa a shagon in ban da Alhaji. Aikinsa ɗaya ne: ya tambayi tsarin kwamfutar jerin duk hulɗar da take yi da wasu na'urori a daidai wannan lokacin, da duk ƙofofin da ta buɗe tana jiran a shigo, ya zuba maka su a allo. A kwamfutocin Linux na yanzu an fi amfani da wani umarnin da ake kira ss, amma karatun sakamakonsu kusan ɗaya ne. Yadda na rubuta shi a kwamfutar farko shi ne:

netstat -ano

Kowane harafi yana da aikinsa. Harafin a yana sa a nuna komai, har da ƙofofin da ke jiran baƙo. Harafin n yana sa a bar adireshi a lambobinsa, kada a tsaya neman sunan da ke bayan kowace lamba, domin wannan neman sunan yana jawo jinkiri sosai, kuma shi kansa yana haifar da sabuwar zirga-zirga a layin da kake son aunawa. Harafin o kuwa shi ne ginshiƙin binciken baki ɗaya, domin yana ƙara lambar da Windows ke bai wa kowace manhaja mai gudana, wadda ake kira PID, a ƙarshen kowane layi. Idan babu ita, za ka ga ana magana amma ba za ka san mai maganar ba.

Yadda ake karanta layi ɗaya

Ga layi ɗaya daga abin da ya fito, sai dai na sauya adireshin waje da ɗaya daga cikin lambobin da aka keɓe domin ba da misali:

TCP    192.168.8.102:51733    203.0.113.25:443    ESTABLISHED    6120

Kalmar farko ita ce ƙa'idar da ake hulɗar da ita. Lamba ta biyu adireshin kwamfutar shagon ce, kuma duk adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, rauta ce ke raba shi, ba ya fita intanet. Abin da ke bayan ɗigo biyun, wato 51733, lambar ƙofa ce, wadda masu sana'ar ke kira fot. Ƙofofin suna farawa daga 0 zuwa 65535, kuma Windows na zamani yana ɗibar na wucin gadi ne daga 49152 zuwa sama duk lokacin da wata manhaja za ta fita waje, saboda haka babbar lamba a ɓangarenmu ba abin tsoro ba ce. Ɓangaren da ya fi muhimmanci shi ne na uku: wa ake magana da shi, kuma ta wace ƙofa. Ƙofa ta 443 ita ce ta shafukan intanet masu kulle, ta 80 ta marasa kulle, ta 53 kuma ta tambayar sunayen shafuka. Kusan duk abin da mutum ke yi da burauza a yau ta 443 yake bi.

Kalma ta huɗu ita ce halin da hulɗar ke ciki, kuma na ga ta fi saurin shiga kan mutane idan aka kwatanta ta da sallama. A ƙa'idar TCP, wadda aka rubuta tun a 1981, ba a fara aika komai sai an yi gaisuwa sau uku: mai zuwa ya yi sallama, mai gida ya amsa, mai zuwa ya nuna ya ji amsar. Idan ka ga SYN_SENT, an yi sallama ne ba a amsa ba tukuna. ESTABLISHED yana nufin an amsa, an shiga, ana zance. LISTENING mai gida ne zaune a zaure, ƙofa a buɗe, yana jiran duk wanda zai zo. TIME_WAIT kuwa an riga an yi ban kwana, sai dai kwamfutar takan ɗan tsaya a bakin ƙofa na minti biyu zuwa huɗu ko wani saƙo zai biyo baya a makare. Wannan na ƙarshe yana yawan tsorata sabon shiga, domin wanda ya rufe burauza yanzu zai ga layuka da dama a wannan halin, da lambar PID ta 0, alhali babu abin da ke gudana a cikinsu.

Saboda haka dokar da na bi a kowace kwamfuta ita ce a rufe duk abin da ke buɗe, a jira minti biyar, sannan a duba. Kwamfutar da ke hutawa ba ta rasa 'yan layuka: ƙofa ta 135, da ta 445 wadda lambar PID ta 4 ke riƙe da ita kuma ta nan Windows ke raba fayil da firinta a cikin gida, sai hulɗa biyu ko uku ta 443 da suka shafi sabuntawa da sanarwa. Haka kwamfuta ta farko da ta biyu suka nuna. Na adana sakamakon kowacce da umarnin netstat -ano > kwamfuta1.txt domin in sami abin kwatance.

A kwamfuta ta uku na ɓata lokaci a kan abin da ba shi ba ne, kuma ya kamata in faɗa. Na ga ƙofa ta 7680 a buɗe tana jira, har da hulɗa guda tsakaninta da wata kwamfutar shagon. Na bi lambar da umarnin tasklist /svc /fi "PID eq 3348", wanda ke faɗin sunan manhajar da ke da lambar, sai ya nuna svchost.exe ne, wato manhajar Windows da ke gudanar da hidimomin tsarin, yana ɗauke da hidimar DoSvc. Wannan ita ce hanyar da Windows 10 ke bi kwamfutoci su riƙa raba fayilolin sabuntawa a tsakaninsu, maimakon kowacce ta sauke nata daban. Akwai zaɓin da ke barin rabon ya kai har ga kwamfutocin da ke wajen gida, kuma da a kunne yake da ya iya cin data. Na duba, na tarar an taƙaita shi ga na cikin gida, ke nan taimakon Alhaji ma yake yi. Kusan rabin sa'a ta tafi a nan. Ƙofar da ba ka sani ba tana bukatar a bincika ta, amma rashin saninka da ita ba hujja ba ne a kanta.

Kwamfutar lungu

Ta biyar ita ce wadda ke lungu kusa da sikana, kuma a kanta ake gyaran hotuna da zanen katin biki da kalandar 'yan siyasa. Tun kafin in taɓa ta na lura fankarta tana kuka, ga ƙurar hunturu ta yi fari a bakin ramukan iska. Babu abin da ke buɗe a allonta. Da na danna umarnin, sai layuka suka zubo har suka wuce allon sau da yawa. Na ƙirga da netstat -ano | find /c "ESTABLISHED", ta ba ni sama da 60, alhali sauran kwamfutocin ba su wuce huɗu ko biyar ba.

Yawan ba shi ne ya fi ɗaukar hankalina ba, domin burauza mai shafuka goma a buɗe tana iya kai wannan adadin. Kamannin layukan ne suka bambanta. Adireshin waje kowanne daban, babu biyu da suka yi kama, kuma ƙofofinsu ba 443 ba ne, lambobi ne barkatai, wasu dubu ashirin da wani abu, wasu dubu hamsin da wani abu, jefi-jefi kuma a ga 6881. Manhajar da ke hulɗa da kamfani takan je wurare kaɗan ta ƙofa sananniya. Wadda ke hulɗa da mutane da yawa a lokaci guda, kowa ta ƙofar da ya ga dama, da kwamfutocin gidajen mutane take magana. Sannan duk layukan lambar PID ɗaya suke ɗauke da ita. Na sa umarnin ya riƙa maimaita kansa duk daƙiƙa biyar da netstat -ano 5, muka ga wasu adireshin suna ɓacewa, sababbi suna maye gurbinsu, amma lambar ƙarshen ba ta sauyawa. Tasklist ya ba da sunan: manhajar torrent ce.

Tsarin BitTorrent, wanda ya fito a 2001, an gina shi ne a kan ba ni gishiri in ba ka manda. Ba daga wuri ɗaya kake sauke fayil ba, gutsure-gutsure kake karɓa daga wasu mutanen da suke da shi, kai ma kana miƙa wa wasu abin da ka riga ka samu. Idan saukewar ta kammala, manhajar ba ta tsayawa, sai ta ci gaba da rabawa har sai an hana ta. Wannan ɗin an saita ta ta tashi tare da kwamfutar, ta laɓe a cikin 'yar kibiyar nan da ke kusa da agogo, inda babu mai dubawa. Kamfanin waya kuwa bai bambanta datar da ta shigo da wadda ta fita, duka a kunshinka yake cirewa.

A nan ne iyakar netstat ta fara bayyana. Ya nuna mini da wa ake magana da kuma mai maganar, amma ba ya faɗin nawa kowane layi ya ci. Layi 60 na iya zama ba su ci komai ba, layi ɗaya kuma ya cinye giga goma. Haka kuma manhajojin torrent suna aika kaso mai yawa ta ƙa'idar UDP, wadda ba ta da gaisuwa ko ban kwana, kuma a irin layukanta netstat galibi taurari biyu kawai yake sakawa a gurbin adireshin waje. Ke nan abin da muka gani ma bai cika ba. Umarnin netstat -e yana ba da jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma da na gudanar da shi sau biyu da tazarar minti biyar, na ga fita ta ninka shigowa nesa ba kusa ba, wanda a shagon da aikinsa buɗe shafuka ne ya kamata a ce akasin haka ne. Domin samun adadi na buɗe resmon, wanda shi ma yana cikin Windows, ya nuna manhajar tana tura kimanin kilobayit 200 a kowace daƙiƙa. Lissafin ba wuya: kusan kashi bakwai cikin goma na giga a sa'a, kimanin giga 7 a yinin sa'a 10. A haɗa da giga 3 da shagon ya saba ci a rana, kunshin giga 100 ba zai wuce kwana 10 ba. Lissafi ya zo daidai da kukan Alhaji.

Saura tambayar wanda ya saka ta. A cikin manhajar fayil biyu ne kawai ake rabawa, dukansu manyan manhajojin zane ne da aka fasa kullensu domin a yi amfani da su ba tare da biyan lasisi ba, kuma ranar da aka sauke su tana rubuce a gefensu. Na karanta ranar, na tambayi abin da ya faru a shagon a wannan makon. Mai buga rubutu ce ta amsa, cikin sanyin murya, ta ce ai ranar ce Alhaji ya kawo wani mai gyara ya saka wa kwamfutar manhajar zanen kati, lokacin yaron ma ya tafi Zariya biki. Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci yana jan carbi, sannan ya ce, "To ai ce min ya yi kyauta ce." Na ce, "Alhaji, ita manhajar ba ka biya ba, amma wata biyu ke nan kana biyan kuɗin kai wa mutanen duniya ita."

Layin da ya rage

Da a nan aikin ya tsaya da sai a ce an yi asarar kuɗi kawai. Na rufe manhajar, na cire ta, na jira layukan TIME_WAIT suka washe, sannan na sake dubawa domin in kwatanta da abin da na adana daga kwamfuta ta farko. Komai ya yi daidai in ban da layi ɗaya, wanda a baya ya ɓuya cikin taron. Yana nuna SYN_SENT zuwa wani adireshi guda, ta wata babbar ƙofa da ba ta cikin sanannun. Na bar umarnin yana maimaituwa. Layin ya ɓace, bayan kamar minti ɗaya ya dawo, adireshi ɗaya, ƙofa ɗaya. A karo na huɗu aka amsa sallamar, ya koma ESTABLISHED na 'yan daƙiƙoƙi, ya sake ɓacewa. Da sau ɗaya na duba da wuya in gan shi, domin netstat hoto yake ɗauka na lokacin da aka danna shi, duk abin da ya faru tsakanin dannawa biyu ya wuce shi.

Tasklist ya ce sunan mai wannan layin svchost.exe, suna mai kwantar da hankali, domin kowace kwamfutar Windows tana da irinsa da yawa suna gudana. Amma suna kowa na iya ɗauka. Na tambayi inda fayil ɗin yake zaune da umarnin (Get-Process -Id 7452).Path a PowerShell, wani allon rubuta umarni na Windows, sai amsar ta nuna wata jaka a ƙarƙashin AppData ta mai amfani da kwamfutar. Svchost na gaskiya a C:\Windows\System32 yake, ba ya zama a AppData. Ranar da aka ƙirƙiri wannan fayil ita ce ranar da aka saka manhajar zanen. Manhajar da ke sanye da sunan wata, tana zaune inda bai kamata ba, tana kuma kiran adireshi ɗaya a kai a kai ba tare da an sa ta ba, kamannin mugun shiri ke nan da ke neman umarni daga wanda ya dasa shi. Fasassun manhajoji sanannen abin hawa ne ga irin wannan.

Wannan layin ba ya cin data ta a zo a gani, kuma da Alhaji bai yi kukan kunshinsa ba babu mai gano shi. Amma ya fi na farkon hatsari, saboda abin da ke cikin kwamfutar. A kanta sikana take, kuma a fuskar allonta akwai jaka cike da hotunan takardun mutane: katin NIN, sakamakon WAEC, takardar haihuwa, hoton fasfo, har da takardun banki na masu neman tallafi. Babu wanda ya taɓa goge su, domin a ganin ma'aikatan wataƙila mai su ya dawo neman kwafi. A kanta kuma imel ɗin shagon yake a buɗe dare da rana. Netstat ba ya leƙa cikin saƙo, ba zai ce ga abin da aka ɗauka ko ba a ɗauka ba, saboda haka abin da ya dace shi ne a ɗauka cewa duk abin da ke cikinta ya fita. Na kuma tuna wa Alhaji cewa tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma wanda ya karɓi takardun jama'a amana ce ya ɗauka, ko da ƙaramin shago ne.

Yaron ya ba da shawarar a goge fayil ɗin kawai a huta, kuma na fahimci dalilinsa, domin sake zuba Windows yana nufin kwamfutar za ta yini ba ta kawo ko sisi ba. Ban yarda ba. Netstat tsarin kwamfutar yake tambaya, abin da tsarin ya gaya masa shi yake maimaitawa, kuma akwai miyagun shirye-shiryen da ke shiga can ciki su sa tsarin ya ɓoye layukansu. Kwamfutar da aka tabbatar an shige ta, shaidarta a kan kanta ba abin dogaro ba ce. Mun ga guda ɗaya ne saboda bai iya ɓuya ba, wannan kuma bai nuna shi kaɗai ba ne.

Abin da aka yi a ranar da washegari bai da yawa. Aka zare kwamfutar daga rauta nan take, aka kwashe ayyukan zanen da ba a kammala ba kawai, aka share ta baki ɗaya aka zuba sabon Windows. Aka sauya kalmar sirrin imel da ta rauta daga wata na'urar daban, aka bi sauran kwamfutocin da netstat mai maimaituwa na tsawon minti goma kowacce, ba a ga mai kiran wancan adireshin ba. Aka nuna wa Windows a kowacce cewa layin intanet ɗin na awo ne, wato datarsa ƙidayayya ce, domin ya rage sauke abubuwa da kansa. Takardun mutane kuma aka yi doka a goge su da zarar an miƙa wa mai su kwafinsa. Manhajar zane aka koma wa ɗaya daga cikin waɗanda kyauta ne tun asalinsu, ko da yake mai buga rubutu ta yi makonni tana ƙorafin ba ta saba da ita ba. Na kuma ja hankalin Alhaji cewa Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 na yau da kullum, ya ce wannan kuma sai Allah ya hore.

Alhaji bai ba yaron haƙuri a gabana ba, kuma ban sa ran zai yi ba. Abin da ya yi shi ne, da zan tafi ya ce masa, "Kai, ɗauki takarda ka rubuta abubuwan nan da Injiniya ke dannawa." Na buga masa sakamakon kwamfuta mai hutawa a takarda ɗaya, na zagaye layukan da ya kamata ya saba gani da jan biro, ya manna ta a bango kusa da jadawalin farashi. Kunshin watan da ya biyo baya ya kai kwana 30.

Bayan kamar mako shida yaron ya kira ni da safe, muryarsa a sama. Ya ce, "Yaya, na kama wani. Kwamfuta uku suna magana da 192.168.8.110 ta ƙofa ta 9100, kuma babu shi a takardarka." Na ce ya fara duba farkon lambar ya gaya mini na gida ne ko na waje, ya ce na gida ne. Na tambaye shi ko an kawo wani sabon abu shagon kwanan nan. Ya yi jim, sannan ya ce shekaranjiya Alhaji ya sayo firinta mai aiki ba waya. Ta ƙofa ta 9100 irin waɗannan firintoci ke karɓar aikin bugawa. Na ce ya ɗauki biro ya ƙara layin a ƙasan takardar.